Filin Kurket Mai Gangare

A birnin Landan, a wata unguwa da ake kira St John's Wood, akwai wani filin wasan kurket mai suna Lord's. Gidaje da manyan hanyoyi sun kewaye shi. A waje ba a jin kome sai ƙarar motoci, amma da mutum ya shiga ƙofa sai ya ga ciyawa kore shar, an aske ta sumul. Wurin yana cin 'yan kallo kamar 31,000.

Sunan filin ya samo asali daga wani mutum, Thomas Lord, wanda ya buɗe filinsa na farko a 1787. Sau biyu ya yi ƙaura kafin ya zauna a wannan wuri a 1814. Duk sa'ad da zai tashi sai ya sa a yanko ciyawar tare da ƙasarta, a kai sabon wuri a shimfiɗa. A zamanin da, tumaki ake sakewa a ciki su rage mata tsawo.

Ga yadda wasan yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa daɓaɓɓe mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yakan sheƙo a guje ya wurga ƙwallo, ta bugi ƙasa, sa'an nan ta taso wa mai bugu, wanda ke tsaye gaban turaku da katako a hannu. In ya buge ta da kyau ya sami maki. In kuwa ta wuce shi ta ka da turaku, ko ya ɗaga ta sama aka cafe, to ya fita ke nan. Babban wasa yakan kai kwana biyar, amma sau biyu kaɗai mutum ke samun shiga bugu. Don haka kuskure ɗaya ba ƙaramar hasara ba ce.

Abin mamaki, wannan fili da ya yi suna a duniya ba a miƙe yake ba. Gefe guda ya fi ɗayan tudu da wajen ƙafa 8, watau ya fi tsawon ƙaton mutum. In mai jifa ya taso daga wajen tsohon ginin da 'yan wasa ke sa tufafi, ƙwallo takan bi gangare ta karkato jikin mai bugu da dama. In ya taso daga ɗaya ƙarshen, sai ta kauce masa. Baƙo yakan kai katako inda ya zaci za ta zo, ita kuwa ta bi wani wuri. A 2002 aka sake shimfiɗa ciyawar gefe don ruwa ya riƙa tsanewa da sauri, amma gangaren yana nan.

Sararin sama ma yana da nasa hukunci. 'Yan wasa sun ce ran da gari ya yi lumshi ƙwallo ta fi lanƙwasa a iska, masu bugu su sha wuya. Saboda haka shugaban 'yan wasa yakan dubi gajimare kafin ya zaɓi bugu ko jifa. Da an soma ruwa sai a tsai da wasa, a rufe zirin nan.

A watan Yuli na 2019, kwana goma bayan Ingila ta ci kofin duniya a wannan fili, ta kara da Ailan. Cikin 'yan Ailan akwai Tim Murtagh, wanda ya yi shekara da shekaru yana wasa a Lord's, ya san gangaren sarai. Ba shi da jifa mai tsananin gudu, amma shi kaɗai ya fid da mutum biyar. Kafin abincin rana an gama da Ingila da maki 85 kacal. Amma a rana ta uku gari ya lumshe, 'yan Ailan kuma suka ƙare da maki 38, Ingila ta yi nasara.

'Yan kallon Lord's ba su cika ihu ba. Sai dai a ji hira ƙasa-ƙasa kamar kukan zuma, in an yi bugu mai kyau a tafa. A ranar babban wasa, saura minti biyar a fara akan kaɗa ƙararrawa. Mai bugu yakan ratso ta wani dogon zaure cike da membobin ƙungiyar da ta mallaki filin, waɗansunsu da laƙataye mai ratsin ja da rawaya. In aka fid da shi a jifar farko, ta nan ɗin zai komo, kowa ya yi tsit.

A 1936 wani mai jifa, Jahangir Khan, ya wurga ƙwallo ta sami wata gwara tana cikin tashi, ta faɗi matacciya. Aka gyara gawar tsuntsuwar, aka ɗora ta bisa ƙwallon, aka ajiye a ɗakin kayan tarihi na filin.