Me Ke Faruwa Idan Muka Kira 112?

'Yan uwa ɗalibai, idan gobara ta tashi, ba motar kashe wuta kaɗai ake buƙata ba. Hayaƙi na iya shaƙe wani, wani ya ƙone, wani ya karye garin tsallake katanga. Shi ya sa aka kafa cibiyoyin karɓar kiran gaggawa, domin kira ɗaya ya taso 'yan kwana-kwana da motar asibiti lokaci guda.

A birnin Landan aka fara wannan tsari da lamba 999 a 1937, Amurka ta biyo baya da 911 a 1968. A Najeriya tamu ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ta gina cibiyoyin a jihohi.

Jami'in da ya ɗaga waya zai tambaye mu inda abin ya faru, da abin da ke cin wuta, da ko wani ya ji rauni ko ya maƙale a ciki. Da amsarmu yake sanin waɗanda zai tura. Idan muka manta da zancen mai rauni, ana iya kashe wutar alhali babu motar da za ta kai shi asibiti.

Don haka mu fara da faɗin unguwa da layi, da wata alama kamar masallaci ko gidan mai. Kada mu kashe waya sai an sallame mu. Kiran wasa kuwa tare layi yake yi, wani na can gidansa na ci.