Tambaya da Amsa: Obudu da Kalaba a Mota da Ɗan Shekara Biyu

TAMBAYA: Maigidana ya samu hutun mako ɗaya a watan Agusta, kuma mun daɗe muna burin zuwa Dutsen Obudu, daga nan mu gangara Kalaba mu ga teku. Da motarmu za mu tafi daga Kano, tare da ɗanmu mai shekara biyu da 'yan watanni. Surukata ta ce wahalar da yaro kawai za mu yi. Shin mu fasa ne, ko akwai yadda za a yi? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Kada ku fasa, amma tafiyar da kika zayyana ba za ta shiga cikin mako ɗaya ba, kuma a nan surukarki tana da gaskiya. Daga Kano zuwa Kalaba ta Obudu ya haura kilomita 1,000 zuwa kawai. Za ku bi ta Jos, Akwanga, Lafiya, Makurɗi da Gboko kafin ku shiga Jihar Kuros Riba. Babba zai iya daurewa ya cinye wannan hanya a kwana biyu. Yaro mai shekara biyu kuwa, in ya yi awa biyar ko shida a mota a wuni ɗaya, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ki lissafa da kanki: kwana a Jos, kwana a Makurɗi, rana ta uku ku hau dutse. Kusan rabin hutun ya tafi ba ku ko doshi Kalaba ba, ga komawa gida tana jiran ku.

Sai maganar watan da kuka zaɓa. Agusta tsakiyar damina ce, kuma damunar can ba irin ta Kano ba ce. Kalaba tana cikin garuruwan da suka fi samun ruwan sama a Najeriya, kusan milimita 3,000 a shekara, Obudu ma ya fi haka. Wurin shaƙatawa na Obudu yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500 a Ƙaramar Hukumar Obanliku, dab da iyakar Kamaru. A 1951 aka kafa shi a matsayin gandun kiwon shanu, saboda ciyawa da sanyin wurin. Daga gindin dutsen zuwa samansa tafiyar kimanin kilomita 11 ce, hanya mai kwane-kwane masu tsanani kusan ashirin, kuma da damina gajimare yakan sauko ya rufe ta har direba ya kasa ganin abin da ke gabansa. Ku hau da hantsi, kada ku yarda magariba ta same ku a wannan hanyar. Wajen saukowa maigida ya sa ƙaramar giya, kada ya dogara da birki kaɗai, domin birki in ya yi zafi yakan daina kamawa. Haka ma a Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, inda manyan motoci suka sha yin haɗari. Akwai motar igiya da aka buɗe a Obudu a 2005, amma ku buga waya ku tabbatar tana aiki kafin ku sa rai da ita.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ba ki ambaci inda yaron zai zauna ba. Mu a nan mun saba uwa ta ɗora ɗa a cinya a kujerar gaba, muna ganin hannun uwa ya fi komai tsaro. Wallahi ba haka ba ne. In mota ta yi karo, ko a gudun cikin gari ne, ƙarfin da zai fizge yaron ya ninka nauyinsa sau da yawa, babu hannun da zai iya riƙe shi. Ku sayi kujerar mota ta yara daidai da nauyinsa, a ɗaure ta a kujerar baya, ki zauna kusa da shi. Ki fara saba masa da ita tun yanzu, a zuwa kasuwa da gidan kakanni, don kada ranar tafiya ta zama ranar da ya fara ganinta. In ya yi kuka a hanya, a tsaya a rarrashe shi. Kada a kwance shi mota tana gudu. Kuma ina roƙon ki, kada kowa ya ba ki shawarar ɗura masa maganin mura mai sa barci don ya yi shiru.

Ku tashi bayan sallar asuba, ku tsaya duk bayan awa biyu ya taka ƙasa ya yi guje-guje, ku isa masauki kafin la'asar. Tafiyar dare babu ita ko kaɗan. Kafin kowane zango maigida ya leƙa tasha ya tambayi direbobin haya halin da hanya take ciki, domin su ne ke bin ta kullum.

A jakarsa ki sa rigar sanyi da hula da safa, don daren Obudu ya yi kama da tsakiyar hunturu. Ki riƙe gidan sauro, ruwan sha mai tsabta, gishirin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, da maganin zazzaɓi na yara. Hanya mai kwane-kwane tana sa yara amai, don haka a ba shi abinci mara maiƙo kaɗan-kaɗan, kuma a ɗauke masa waya a kan dutse. Zazzaɓi in ya zo, a nemi asibiti a yi gwajin maleriya a ranar, ba sai an dawo Kano ba.

Game da teku, Kalaba a bakin kogi take, ba a gaɓar teku kai tsaye ba. Za ku ga ruwa da jirage a Marina, ku shiga gidan tarihin cinikin bayi, ku ci tsire a unguwar Bogobiri inda Hausawa suka daɗe da zama. Amma rairayi da igiyar ruwa sai kun ƙara gaba zuwa Ibeno a Jihar Akwa Ibom, kuma igiyar can tana ja da ƙarfi; yaro ya yi wasansa a kan yashi, hannunsa cikin naki.

Shawarata ita ce, in hutun Agusta ne kaɗai a hannunku, ku tsaya a Jos ku huta sosai, ku ga duwatsun Riyom da ruwan Assop. Obudu da Kalaba kuwa ku ajiye su sai Disamba ko Janairu, lokacin da ruwa ya ɗauke, kuma ku ware musu kwana goma sha biyu. Allah ya kai ku lafiya, ya raya mana yaron.