Kada a goge kwamfuta don baƙo ya daina ganin mai masauki

Gyaran kwamfuta da haɗa rezo ne sana'ata, tsakanin Magarya da Dungas, wani lokaci har Bande da Waca. A 'yan shekarun nan masu sayar da magani, masu buga takardu da ƙananan ofisoshi da yawa sun koma ajiye tsohuwar manhajarsu a cikin VirtualBox. Dalilin a fili yake. Manhajar lissafin kaya an rubuta ta ne don Windows XP ko Windows 7, kamfanin Microsoft kuwa ya daina kula da na farko a 2014, na biyu a 2020, sannan kwamfutar da aka sayo daga Kano ba ta karɓar su. Sai a girka tsohon Windows a cikin sabon: na ciki shi ne baƙo, na waje mai masauki. Ɗaliban da ke dawowa hutu daga Jami'ar André Salifou ta Zinder ma haka suke koyon Linux.

Kukan da ake kawo mini kusan iri ɗaya ne: "Malam, jiya suna ganin juna, yau sun ƙi." Abin da ke tayar mini da hankali shi ne maganin da ake saurin nema, wato a goge komai a sake zubi. Na ga lissafin bashin shekaru ya salwanta a kan matsalar da ba ta wuce sauya zaɓi ɗaya ba.

Baƙo ba shi da katin rezo na gaske. VirtualBox ne ke ƙirƙira masa na aro, kuma hanyar da aka ɗaura katin ita ce tushen zancen. Ka ɗauka baƙo ne a gidanka. A tsarin NAT ta zaurenka yake fita, zai kai kasuwa, amma ba mai iya sallama da shi daga waje, kai kanka sai an buɗe maka hanya ta musamman. A tsarin gada, wanda VirtualBox na Faransanci ya rubuta Accès par pont, an fasa masa ƙofarsa ta kansa a bakin titi. A tsarin Réseau privé hôte kuwa ƙofa ce ta cikin gida tsakaninku biyu, ba ta kai waje.

Mafi yawan waɗanda ke koyo ta bidiyon YouTube gada suke zaɓa, domin masu bidiyon suna zaune ne a inda akwatin intanet ɗaya ke aiki shekara da shekaru. Mu nan ba haka muke ba. Da safe wayar maigida ce ke raba intanet da layin Airtel, da rana ta yaron shago da Moov ko Zamani, wanda ke kusa da iyaka wajen Tinkim ko hanyar Maigatari ma yakan koma layin Najeriya. Gada kuwa a kan kati guda take ɗaure. In ka bar wifi ka jona waya da igiyar USB, gadar tana nan rataye a katin da ba ya aiki. In ka sauya waya, jerin lambobin adireshi ya sauya: tsofaffin wayoyin Android 192.168.43 suke bayarwa, ƙananan akwatunan Huawei 192.168.8, sababbin wayoyi kuma sukan sauya nasu da kansu. Wanda ya rubuta wa baƙonsa adireshi da hannu a wancan jerin, ya ɓata ke nan.

Don haka kafin ka taɓa komai, shiga cikin baƙon ka buga ipconfig, ko ip a in Linux ne. Lambar da ka gani za ta faɗa maka inda ciwon yake. In 10.0.2.15 ce, kana kan NAT, lafiya lau, ba a dai tsara shi don mai masauki ya kira baƙo ba ne. In ta fara da 169.254, baƙon ya nemi adireshi bai samu mai ba shi ba, sai ka duba katin da aka ɗaura gadar. In katin na nan amma babu lamba ko ɗaya, duba ɗan akwatin Câble branché, wanda hannu kan cire masa alama ba a sani ba. In babu katin sam, direbansa ne babu. Windows XP yana gane PCnet-FAST III da kansa, Windows 7 kuwa Intel PRO/1000 MT Desktop yake so.

Shawarata ga duk mai shago ita ce kati biyu: NAT don fita intanet, Réseau privé hôte don maganar cikin gida. A na biyun mai masauki yana zama 192.168.56.1, baƙo yawanci 192.168.56.101, kuma ko kuɗin intanet ya ƙare, ko rezo ya ɗauke kwana biyu, suna ci gaba da ganin juna. In ka buga ping bai amsa ba, kada ka yanke hukunci, katangar tsaron Windows ta saba toshe shi. Buɗe ƙofar da manhajar ke buƙata kawai, kada ka kashe katangar gaba ɗaya. Shi kuwa XP, ni ba na ba shi hanyar fita ko kaɗan. Cutar WannaCry da ta tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 tsofaffin Windows marasa gyara ta bi, ta ƙofa mai lamba 445.

Akwai kuma abin da zumunci ke jawowa. Mutum ya kwafa wa abokinsa baƙon nan a makullin USB, su biyun su hau waya ɗaya ta gada, sai rezo ya riƙa zuwa yana yankewa. Lambar MAC ɗinsu, wato lambar shaidar katin rezo, ita ce ta zama ɗaya, kuma a shafin saitin katin akwai maɓallin da ke ba da sabuwa.

Wani lokaci bayan Windows ya sabunta kansa, katin aron mai masauki na Réseau privé hôte yakan ɓace. Buga ncpa.cpl ka duba. In babu shi, sake girka VirtualBox kawai, wannan ba ya taɓa baƙon. Baƙon da duk lissafinka suna cikin fayil mai ƙarewa da .vdi, kuma shi za ka fara kwafa a wani faifan daban, baƙon yana kashe, kafin ka miƙa kwamfutar ga kowane mai gyara, har da ni.