Darasinmu: Addu'o'in Yahudawa

Yaron da ya kai Suratul Baƙara zai yi ta cin karo da labarin Bani Isra'ila, wata rana kuwa sai ya tambaye ki, "Umma, su ma suna salla?" Kada ki yi saurin cewa a'a, gara ki ba shi amsa da ilimi.

Masu riƙo da addini a cikinsu sau 3 suke ibada kullum: Shaharit da safe, Minha bayan zawali, Ma'arib da dare. Suna fuskantar Baitul Maƙdis, wato alƙiblar da Musulmi suka kalla wata 16 ko 17 bayan Hijira kafin a juyo da mu Ka'aba. Tun da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu a shekara ta 70 miladiyya aka daina yankan hadaya, addu'a ta maye gurbinsa.

Babbar kalmarsu ita ce Shema, ayoyi ne daga Attaurar da ke hannunsu masu shaida cewa Ubangiji ɗaya ne. Ana karanta ta safe da dare, ana koya wa yaro tun yana ƙarami, mai gargara ma da ita ake so ya cika. Kin ga ta yi kama da kalmar shahada, amma fa ki lura, ba su shaida manzancin Annabi (SAW) ba, nan muka rabu.

Sai Amida, wadda ake yi a tsaye, ƙafafu a haɗe, murya ƙasa-ƙasa. Ana kiranta "goma sha takwas", alhali addu'o'in cikinta 19 ne, don an ƙara guda daga baya. Ranar Asabar 7 kawai ake yi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne littafinsu Talmud ya so mutum ya yi wa Allah kirarin godiya sau 100 a yini: in ya farka, kafin cin abinci da bayansa, har in ya fito daga bayi. Matar gida ce ke kunna kyandir ranar Juma'a kafin faɗuwar rana don shigowar Asabar. Daga nan a yi Kidush a kan giyar inabi, wadda mu haramun ce gare mu.

In iyaye sun rasu, ɗa yana karanta Kadish wata 11 a cikin jam'in mutum 10. Da harshen Aramiyanci take, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci mutuwa ba, girmama sunan Allah ce daga farko har ƙarshe.