Amsar Wasiƙar da Ta Zo Daga Barmu

Wasiƙar nan ta fito ne daga wata baiwar Allah a Barmu, arewa da Tawa, wadda ta ce a gidan maƙwabtanta akwai wata 'yar riƙo da mahaifinta ya tafi cin rani Abijan, kuma ta sha ganin ƙuna a hannuwan yarinyar da shatar bulala a bayanta. Tana tambaya ko kai maganar gaban hukuma ba zai zama annamimanci ba.

To Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ki sani cewa malaman da suka tsananta wajen haramta giba su ne kuma suka keɓe wuraren da ta halatta, har Imamu Nawawi ya ƙidaya shida, a cikinsu akwai kai kukan zalunci ga mai iko da neman taimako domin gusar da munkari. Tarbiyya kuwa, wadda masu riƙo kan fake da ita, tana da haddi. Idan horo ya kai ga ƙuna, ko karaya, ko hana abinci, ko kuwa yaro ya riƙa firgita da zarar ya ji muryar mai riƙonsa, to ya fita daga ladabtarwa ya shiga azabtar da amana, kuma ba a ɗora miki kawo hujja ba, zato mai ƙarfi ya isa, bincike aikin hukuma ne.

Mu mutanen Adar mun saba da a fara da maigari da liman, kuma ban ƙi wannan ba idan abin sakaci ne da nasiha za ta gyara. Amma ƙunar da ke maimaituwa ta wuce sulhun zaure. Ki sanar da jandarma, ko ma'aikatan kare yara na jiha a Tawa, su isar da maganar ga alƙalin yara, wanda wata doka ta shekarar 2014 ta ba ikon ɗaukar mataki a kan yaron da ke cikin haɗari.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, akwai alamar fyaɗe, to a fara da asibiti kafin kowace shawara, domin maganin rigakafin cutar sida ba ya amfani bayan awa 72, sa'an nan a nemi takardar likita a kai wa jandarma.