Kafin ka yi odar na'urar Meshtastic, duba lambar nan: 868 ko 915?

Meshtastic manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2020, wadda ake ɗora wa ɗan ƙaramin allon rediyo irin su Heltec V3, T-Beam ko RAK. Allon na haɗuwa da wayarka ta Bluetooth. Kai ka rubuta saƙo a waya, shi kuma ya cilla shi ta iska da fasahar LoRa, ba sim, ba data, ba sabis. Duk na'urar da ta ji saƙon sai ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda leburori ke miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar dakin. A saitin asali saƙo na yin tsalle uku ne, ana iya ƙara shi zuwa bakwai.

To amma iskar da saƙon ke bi tana da masu ita. Kowace ƙasa ta yanka zangon rediyo gunduwa-gunduwa ta raba, shi ya sa za ka ga allo iri ɗaya a kasuwar intanet an rubuta masa 433, 868 ko 915. Wannan ba lambar samfuri ba ce, zangon da na'urar ke magana a kai ne, a ma'aunin MHz.

Na 915 na Amurka ne. A can hukumar FCC ta bar zangon 902 zuwa 928 ga ƙananan na'urori ba tare da lasisi ba, da ƙarfin da ya kai wat ɗaya. Yawancin bidiyon da kake gani a YouTube daga can suke, shi ya sa mutane ke kwaikwayon saitinsu ido rufe. Nan ne gizo ke saƙar. Afirka na yanki ɗaya da Turai a rabon ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, kuma a tsarin GSM 900 da muke amfani da shi, wayoyi na aika sigina zuwa turken sabis ne tsakanin 890 da 915. Wato idan ka kunna na'urarka a saitin Amurka a Kano ko Maraɗi, kana iya faɗawa tsakiyar zangon da kamfanonin waya suka biya maƙudan kuɗi suka mallaka. Turken kuwa kunnensa a buɗe yake, yana sauraron wayoyin da ke nesa masu raunin sigina. Kai ma ba riba za ka ci ba, domin hayaniyar wayoyin unguwa za ta danne saƙonka.

Na 868 na Turai ne, kuma yana da nasa sharaɗin. Meshtastic na aiki tsakanin 869.4 da 869.65, ƙarfi bai wuce miliwat 500 ba, sannan na'ura ba za ta yi watsi fiye da kashi 10 cikin ɗari na lokaci ba, wato minti shida a awa. Idan ta cinye rabonta, manhajar da kanta za ta dakatar da aikawa. Kada ka ɗauka ta lalace.

Tambarin CE ko lambar FCC da ke jikin allo shaida ce ta Turai ko Amurka kawai. A Najeriya hukumar NCC ce ke tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, bisa dokar sadarwa ta 2003, a Nijar kuma ARCEP. Mai shirin shigo da su da yawa don sayarwa, daga can ya kamata ya fara, tun kaya ba su iso ba.

Sai batun eriya, wanda a ganina ya fi komai yaudarar masu haɗa na'ura da kansu. Ana gwada allon rediyo ne tare da eriyar da aka ayyana masa, kuma shaidar da aka ba shi ta haɗa har da ita. Ka cire 'yar guntuwar da ya zo da ita ka ɗaura doguwa mai ƙarin dB 6, ƙarfin da ke fita ta fuskar da ta nufa ya ninka huɗu, ko da ba ka taɓa saiti ba. Iyakar Turai ta miliwat 500 kuwa da eriyar ake lissafa ta. Haka idan ka saka allon cikin wani abu naka, misali na'urar bibiyar shanu ko mai auna ruwan tanki, shaidar allon ba ta wanke dukkan abin da ka ƙera ba. A dokar Amurka sai ka rubuta lambar FCC ta allon a jikin akwatin, sannan a gwada sauran kayan lantarkin da ka haɗa, kada su ma su riƙa fitar da hayaniya.

Cikin manhajar akwai saitin masu lasisin rediyon sha'awa. Yana cire wasu iyakoki, amma yana kashe sirrin saƙo, kowa na iya karantawa. Wanda ba shi da lasisin ya bar shi yadda ya gan shi.

Ranar da kayanka suka iso, ɗaura eriya kafin ka sa batir, domin watsi ba eriya na iya ƙona rediyon. Ka kuma tabbatar eriyar ta zangon allonka ce, tunda ta 868 da ta 915 kamarsu ɗaya a ido. Na'urar ba za ta aika komai ba sai ka zaɓi yanki a manhaja.