Daga Juji Zuwa Riga: Yadda Idon Na'ura Ke Tsince Dukiya Cikin Shara

Darasi domin hakimai da malamansu

Babu hakimin da zai fita rangadi yau bai ga leda ta lulluɓe ƙaya a bayan gari ba, ko gorunan roba sun cushe lambatu. Mahauta sun san yadda a kan farke tumbin saniyar da ta rame a tarad da leda a dunƙule ciki. Manoma kuwa suna kukan takin juji ya ɓaci, sai an tsince shi kafin a kai gona. Nufin wannan darasi shi ne a bayyana yadda waɗansu ƙasashe su ke mai da irin wannan shara tufafi, da irin na'urar da ta sauƙaƙa aikin, da inda ƙarfinta ya ƙare, sa'an nan da abin da ya rage a hannun shugabannin jama'a.

1. Iyakar ido da kunne

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Haka ne, sai dai akwai inda kimar ido ta tsaya. Ido ba ya ganin haske sai launukan nan na bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. Kunnen yaro mai lafiya ya kan ji sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 cikin daƙiƙa guda. Abin da ya zarce haka jemage na ji, mu ba mu ji.

Tun da daɗewa mutane su ke neman dabarar ƙetare wannan iyaka. An fara yin tabarau a Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 13. Cikin 1609 Galileo ya haɗa madubin hangen nesa ya duba sama da shi. Cikin 1816 wani likita Bafaranshe, Laennec, ya ƙago abin sauraron ƙirji. Cikin 1895 Rontgen na Jamus ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi.

Wanda ya fi shafar darasinmu shi ne gwajin da William Herschel ya yi a Ingila cikin 1800. Ya raba hasken rana launi launi da wani gilashi, yana auna zafin ko wane launi. Da ya ajiye ma'aunin gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafin ya ƙaru. Watau akwai haske a wurin, idonmu ne bai isa ba. Turawa na kiransa infirared. Cikin wannan darasi za mu ce masa ɓoyayyen haske.

2. Bambancin na'ura mai basira

Tabarau da madubi suna ƙara gani, amma ba su san abin da a ke gani da su ba. Mai dubawa ne ya ke fassarawa. Na'ura mai basira kuwa sassa uku gare ta: abin da ke ɗauko haske ko sauti, da kwamfutar da ke gwada abin da aka ɗauko da misalan da aka koya mata, da abin da ke zartad da hukunci. Ga misalai uku.

Cikin 1978, a birnin Melbon na Ostareliya, Farfesa Graeme Clark ya dasa wa wani kurma na'urar da ke mai da sauti ya zama ɗan motsin lantarki, ta aika shi ga jijiyar ji kai tsaye. Cikin 2017 kamfanin Microsoft ya fito da wata manhajar waya, Seeing AI, wadda ke karanta wa makaho takarda, ta kuma faɗa masa abin da ke gabansa. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da kwamfuta wajen duba hoton ƙirji domin neman alamar tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama, abin da ke da amfani ƙwarai a inda likitoci suka yi ƙaranci.

A duk misalan nan aikin guda ne, watau rarrabewa: wannan sauti daga wancan, wannan harafi daga wancan, huhu mai ciwo daga mai lafiya. To, rarrabewa ita ce tushen sana'ar shara duka.

3. Roba ba iri ɗaya ba ce

Mu kan ce roba, sai ka ce abu guda ne. Alhali kuwa kamar hatsi ta ke, da gero da dawa da masara. Tun 1988 aka fara buga lamba cikin ɗan zane mai kusurwa uku a gindin kayan roba domin a san irinsu. Malami ya ɗauki gorar ruwa ya kifa ta, zai ga lambar. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo. Lamba 2 ta jarka ce. Lamba 3 ta bututun ruwa. Lamba 4 ta leda mai laushi. Lamba 5 ta bokiti da buhu da yawancin murafe. Lamba 6 ta farin kwanon soso na zuba abinci. Lamba 7 kuwa ta sauran da ba su shiga cikin waɗannan ba.

Ko wane iri da zafin da ya ke narkewa. In aka narka su a gauraye, abin da za a samu ba shi da ƙarko. Ɗan guntun lamba 3 ya isa ya ɓata tukunya guda ta lamba 1. Ga shi kuma sau da yawa ido ba ya iya bambanta su, balle in sun farfashe lambar ta ɓace.

4. Yadda na'urar ke tsincewa

A masana'antar sarrafa shara a kan zuba kayan bisa wani faffaɗan bel mai gudu, kamar mita 3 cikin daƙiƙa. Da fari maganaɗiso ya janye ƙarafa. Sa'an nan kayan su bi ƙarƙashin fitilu. Ko wane irin roba ya kan shanye wani sashe na ɓoyayyen haske ya mayar da saura, kuma yadda lamba 1 ke mayarwa dabam ne da yadda lamba 3 ke yi. Sai ka ce zanen yatsa da a ke dangwalawa a takarda, ba mai kama da na wani. Idon na'urar ya karanta wannan alama, kwamfuta ta lissafa lokacin da gorar za ta kai bakin bel, sai wata 'yar kafa ta feso iska mai ƙarfi ta cilla ta cikin nata akwati. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Sababbin injuna har da hannun ƙarfe da kyamara, an koya musu siffar kaya da dubban hotuna.

5. Daga gora zuwa zare

Wanda ya san aikin auduga, daga gurza zuwa shiɓa zuwa kaɗi, ba zai sha wuyar gane wannan ba. A kan niƙa gorunan su zama ɓarɓashi, a wanke da ruwan zafi da soda domin a fid da takarda da danƙo. A zuba cikin kwatarniyar ruwa, ɓarɓashin gora ya nutse, na murfi ya taso a kwashe. A busar, a narka da zafin da ya kai wajen digiri 260, a matso shi ta wani faranti mai ƙananan huji kamar yadda injin taliya ke yi. Silin da ya fito a ja shi ya miƙe ya yi ƙarfi, a kaɗa, a saƙa.

Kada wannan ya ba da mamaki, gama zaren ya girmi gorar. Cikin 1941 waɗansu masana biyu a Manchesta, Whinfield da Dickson, suka haɗa zaren da a ke kira foliyesta, wanda iyayenmu suka sani da sunan terelin. Sai cikin 1973 aka yi rajistar gorar lemo da a ke yi da wannan sinadari. Ashe mai da gora zare komawa gida ne.

Cikin 1993 kamfanin Patagonia na Amurka ya fara sayad da rigunan sanyi na zaren gora. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Afirka ta Kudu cikin 2010, ƙungiyoyin da Nike ya yi wa riguna sun sa na zaren gora, ko wace riga ta ci har gora 8. Cikin 2011 kamfanin Aquafil na Italiya ya fara yin zaren Econyl daga tsofaffin tarun kamun kifi da makamantansu. Cikin 2015 Adidas ya nuna takalmin da aka yi samansa da sharar teku.

6. Abin da hannu ke yi

Ba ko ina a ke da irin injunan nan ba, amma ko ina akwai hannu. A Akara ta Gana an kafa wata masana'anta, Trashy Bags, cikin 2007, inda a ke wanke ledar fiyawata a ɗinka jakunkuna da ita. A Bobo Julaso ta Burkina Faso wata ƙungiyar mata, GAFREH, ta yi suna wajen yanka leda sili sili a saƙa ta a masaƙa. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Takalmin taya, da fitilar gwangwani, da tukwanen da maƙera ke zubawa daga narkakken alminiyam, duk dukiya ce da aka tsamo daga juji. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga shaida.

7. Gargaɗi

Ba daidai ba ne a bar mai karatu da zaton an gama maganin shara. Akwai abu huɗu da ya kamata a sani.

Na ɗaya, yawan abin. Wani ƙiyasi da masana suka buga cikin 2017 ya nuna daga 1950 zuwa 2015 an yi roba tan miliyan 8,300 a duniya, tan miliyan 6,300 sun zama shara. Cikin sharar nan kashi 9 bisa 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna juji ko a warwatse.

Na biyu, na'urar tana da makanta. Baƙin da a ke rina roba da shi ya kan shanye ɓoyayyen haske ɗungum, ba abin da ke komawa ga idon na'ura. Sabo da haka yawancin injunan nan ba su gane baƙar roba. A lura, baƙar leda ita ce ta fi cika kasuwanninmu.

Na uku, gorar da ta zama riga da wuya ta sake zama wani abu, balle in an cuɗa zarenta da auduga. Gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙiyasta cikin 2017 cewa abin da a ke mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 bisa 100 ba. Ƙungiyar Or Foundation kuma ta ƙiyasta tufafin gwanjo wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Akara ko wane mako, kusan kashi 40 bisa 100 su ƙare a shara.

Na huɗu, ko wane wanki rigar foliyesta ta kan zub da ƙananan sili cikin ruwa. Cikin 2022 masana a Holan suka ba da labarin sun sami ɓurɓushin roba cikin jinin mutum 17 daga 22 da suka gwada. Na'ura ce ta nuna haka, ido ba zai taɓa gani ba.

Domin irin waɗannan dalilai waɗansu hukumomi suka ga rigakafi ya fi magani. Ruwanda ta hana leda cikin 2008, Kenya cikin 2017, Jihar Legas kuma ta hana kwanon soso cikin 2024.

8. Aikin hakimi da malaminsa

Duk tsadar inji, ba ya iya tsince abin da ba a kai masa ba. Gorar da ta shiga lambatu ko ta ci wuta ta fita daga lissafi. Sabo da haka rarrabewar farko a gida da kasuwa ta ke, kuma nan ne maganar hakimi ta fi ta injiniya tasiri. Ga shawarwari:

(a) A yi shawara da dagatai da masu unguwa da sarkin kasuwa a keɓe wurin tara gora dabam, leda dabam, abin da ke ruɓewa ya zama taki dabam.

(b) Malami ya buɗe littafi ya rubuta sunayen 'yan gwangwan da masu saye a hannunsu, da nauyin abin da a ke fitarwa ko wace ranar kasuwa. Da wannan za a san masu sana'ar gaskiya, a kuma sami hujjar nunawa in ana neman taimakon hukuma.

(c) A hori jama'a su daina ƙona roba kusa da gidaje, gama hayaƙinta na cutad da huhu.

(d) Kada a haɗa gorar maganin ƙwari ko ta baƙin mai da sauran. Sharar asibiti kuwa ba ta tsinta ba ce ko kaɗan.

(e) A lura kada neman kuɗin gora ya raba yara da makaranta.

(f) A yashe lambatu kafin ruwa ya sauka, a kuma ƙarfafa mata da magidanta su koma zuwa cefane da kwando ko jakar zane.

Tambayoyi domin bita

1. Me Herschel ya gano cikin 1800, kuma ina amfaninsa ga mai sarrafa shara?
2. Don me ba a narka roba a gauraye?
3. Wace irin roba ce na'ura ba ta gani, kuma me wannan ke nufi ga kasuwarku?
4. Malami ya tara kayan roba goma daga gidansa, ya rubuta lambar ko wanne.

Na'ura ta ƙara wa mutum gani da ji, amma ba ta ɗauke masa nauyin kula da garinsa ba. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Muna roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a majalisarsu gaban dagatai, malamai kuma su aiko wa wannan ofis da abin da suka rubuta cikin littattafansu bayan wata uku.